Tayi Ɗaya Ake Yi a Jabi

Aikin farko da na samu bayan na gama bautar ƙasa a wani ƙaramin ɗakin gwajin ruwa ne mai zaman kansa, a unguwar Jabi da ke Abuja, can bayan tashar mota. Ilimin sinadarai na karanta a jami'a, kuma na daɗe a gida Katsina ina neman aiki kafin wannan ya samu. Sai dai ba ɗauka ce ta dindindin ba. Tun ranar da na fara aka gaya mini cewa zan yi watannin gwaji, a ƙarshensu kuma shugabar ɗakin ce za ta faɗa wa mai kamfanin ko a riƙe ni ko a sallame ni. Mai kamfanin, wanda kowa ke kira oga, ba kasafai yake leƙowa ba; abin da ta ce shi yake yi. Mahaifiyata kuwa ta riga ta gaya wa dangi da maƙwabta cewa ɗanta ya samu aiki a Abuja. Don haka tunanina duka ya taru a wuri guda: kada matar nan ta taɓa ganin kuskure a hannuna, har in koma gida da jakata.

Aikin ba mai wuyar bayani ba ne. Mutane suna kawo ruwa a kwalabe, na sababbin rijiyoyin burtsatse, da na masu yin ruwan leda, da na tankunan manyan gidaje, mu kuma mu gwada mu faɗi abin da ke cikinsa da ko ya dace a sha. Dokar ɗakin ita ce a yi kowane gwaji sau biyu. Idan sakamakon biyu ya yi daidai, sai a rubuta, wani ya duba, shugaba ta sa hannu. Akwai wata dokar kuma da ke manne a jikin ƙofa: ba a ci, ba a sha a cikin ɗakin. Wanda ƙishirwa ta kama sai ya cire safar hannu, ya tuɓe farar riga, ya wanke hannu, ya fita waje.

Shugabar 'yar asalin yankin ce, 'yar ƙabilar Gbagyi, Kirista, kusan sa'ar mahaifiyata. Iyayenta manoman doya ne tun kafin a kafa birnin, ita kuma ta yi karatu mai zurfi ta dawo. Kowa Mama yake ce mata. Hausarta mai sauri ce, ba ta cika damuwa da bambanta namiji da mace a magana ba, tana kuma tsoma Turanci inda ta ga dama. Mataimakinta wani Banufe ne mutumin Bida, ya girme ni sosai. Da ya ji ni Bakatsine ne sai ya tafa hannu ya ce, "Allah na gode maka, ka kawo mini bawana har ofis." Wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa ne ya ba shi wannan damar, bai kuwa taɓa barin ta ta wuce shi ba.

Su biyun suna da wata al'ada. Bayan azahar sukan rufe kwalaben da ke gabansu, su fita bayan ginin inda akwai bishiyar mangwaro da dogon benci, kowa ya buɗe kular da ya zo da ita, a haɗa a ci tare. Ciyayya ce sak irin ta ƙofar gida, sai dai a tsakiyar Abuja, ƙarar janareta na tashi a gefe. A ranar farko na dawo daga masallacin tasha na bi ta wurin, sai Mama ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, bismilla, zo ka ci doya."

Na ɗan rusuna na ce, "Alhamdu lillahi Mama, na ƙoshi."

Ta ce, "To," ta mayar da hankalinta kan kwanonta.

Ya kamata in bayyana abin da nake nufi da wannan amsa, domin a nan ne kuskuren ya faro. A gidanmu ba a amsa tayin abinci a karon farko. Wanda aka ce masa bismilla ya miƙa hannu nan take, sai a bi shi da kallo, bayan ya tafi a ce ba a koya masa kawaici ba. Baƙo zai ce ya ƙoshi, mai gida ya ce haba dai, baƙo ya sake cewa wallahi yanzu ya tashi daga kan abinci, mai gida ya haɗa shi da Allah, ya tura masa kwano, sau da yawa ma ya tashi ya ba shi wuri don ya sake. Kowa ya san matsayinsa a wannan, ba wanda yake ɗaukar ƙoshin farko da gaske. Balle kuma a ce dattijuwa ce sa'ar uwarka, kuma shugabarka a wurin aiki, ka zauna kusa da ita kana kai loma.

Na ɗan tsaya a wurin ina gyara maɓallin riga, ina jiran tayi na biyu. Bai zo ba. Washegari aka sake yi mini tayi, na sake ba da amsar da na iya, aka sake cewa to. Bayan 'yan kwanaki sai suka daina yi mini, iyaka in na wuce su ce sannu.

Ban ji haushi ba, domin na samo wa lokacin wani amfani. Idan suka fita ɗakin yakan zama nawa ni kaɗai, sai in ɗauko gwaje-gwajen da na gama da safe in sake yin su a karo na uku, wani lokaci har na huɗu. Ba don sakamakon bai yi daidai ba. Don zuciyata ba ta yarda da ni ba ce. Nakan ce a raina, idan fa duk biyun kuskure iri ɗaya na yi?

A Karu nake zaune, can wajen gari, a ɗaki guda da na kama. Mai son ya tsere wa cunkoson motocin hanyar shiga gari dole ya fito da an idar da sallar asuba, don haka ba na karyawa. Da rana ba na ci. Ruwa kuwa, ni da nake wuni ina gwada na mutane, ba na sha, saboda ina ganin cire safa da riga da wanke hannu ɓata lokaci ne. Sai na dawo Karu da yamma, a gajiye liƙis, nake tsayawa wurin mai shayi in ci burodi da ƙwai. Ba zan iya cewa ga ranar da jikina ya fara ƙorafi ba, ba na kuma son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne ciwon kai ya zama abokin la'asar ɗina, cikina yana ƙuna, na kuma fara yi wa kwandastoci tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ni da ba a san ni da faɗa ba. Na sayi maganin ciwon kai na ajiye a aljihu, na ɗauka na magance matsalar.

Wata rana da la'asar direban wani babban gida a Maitama ya kawo ruwan sabuwar rijiyarsu. Masu gidan suna ƙorafin cewa sabulu ba ya kumfa da shi, butar shayi kuma tana yin fari a ciki. Oga da kansa ya bugo waya ya ce mutanensa ne, a hanzarta, direban zai jira. Mama ta miƙa mini kwalbar.

Gwaji ne mai sauƙi, na yi shi tun ina ɗalibi. Ana zuba ruwan a kwalba mai faɗin gindi, a sa masa wani sinadari da ke mayar da shi ja kamar zoɓo, sa'an nan a riƙa sakar masa wani sinadarin ɗigo-ɗigo daga doguwar kwalba mai ɗan famfo a ƙasa, ana kaɗawa, har jan ya juye ya zama shuɗi. Yawan abin da aka ɗiga kafin launin ya juye shi ke nuna yawan gishirin ƙasa da ke cikin ruwan. Aikin hannu ne da ido: hannu ya riƙe famfon da natsuwa, ido ya kama lokacin da launin ya sauya.

Na yi na farko na rubuta. Na yi na biyu, ya saɓa wa na farko da nisa. Na yi na uku, shi ma ya kama tasa hanyar. Ina cikin na huɗu na ga yatsuna suna rawa a kan famfon, sinadarin yana zuba maimakon ɗiga, kuma na kasa cewa ko abin da ke gabana ja ne ko shuɗi, domin gefen idanuna ya fara yin duhu. Na dafa teburin. A raina na gama yanke hukunci cewa aikin ya ƙare, abin da ya rage shi ne yadda zan gaya wa mahaifiyata.

Ban san Mama tana tsaye a bayana ba sai da na ga hannunta ya rufe famfon. Ba ta kalli lambobin da na rubuta ba. Fuskata ta kalla, ta ce, "Me ka ci yau?"

Na ce, "Mama, ina ganin sinadarin ne ya..."

"Ban tambaye ka sinadari ba. Me ka ci?"

Na kawar da ido. Ta ce, "Ruwa fa?" Na girgiza kai. Ta juya ta kira mataimakinta, ta ce ya gaya wa direban ya ƙara haƙuri, ni kuma ta ce in cire safa in biyo ta.

A gindin mangwaron ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa ta tsaya a kaina har na shanye, sa'an nan ta buɗe kularta. Akwai ragowar doya da miyar ganye. Banufen ya iso yana tambayar abin da ya faru, ta ce masa, "Yaron nan ba ta cin abinci. Kullum ta ce ta ƙoshi."

Ya dube ni ya ce, "Kai bawa, ba a tasha kake ci ba in ka je salla?"

Na girgiza kai.

"To ƙoshin da kake faɗa fa?"

Na sunkuyar da kai na ce ai haka ake cewa. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe benci. "Mama, kin san me ya faru? Jira yake a roƙe shi! A garinsu sai an yi tayi an sake, an haɗa da Allah da Annabi, kafin su buɗe baki. Wata da watanni yana tsaye yana jiran tayi na biyu!" Ya juyo gare ni. "Mai azumi ma yana sahur. Kai naka azumin ba sahur, ba lada. Wallahi Katsinawa sai addu'a."

Mama ba ta yi dariya sosai ba. Ta ce, "Ɗana, ni in mutum ya ce ya ƙoshi, na yarda da shi. Ban saba ƙaryata babba ba. Nan Abuja ne, kowa daga garinsa ya zo, ba wanda ya san dokar gidan wani. Tayi ɗaya ake yi. Ka ji yunwa, ka ce kana jin yunwa." Ta tura mini kular, ta ga na kasa miƙa hannu, sai ta miƙe ta ja mataimakinta. "Yau kaɗai zan ba ka wuri. Gobe a gabana za ka ci."

Wannan tashin da ta yi yana cikin abubuwan da nake yawan tunawa. Al'adar ba tata ba ce, ta kuma riga ta ce ba ta aiki a nan, amma ta girmama ta sau ɗaya don in iya haɗiye lomar farko. Na cinye doyar tas. Na zauna har na ji idanuna sun washe, na koma ciki. Ta ba ni sabon kaso daga kwalbar ta ce in yi sau biyu, kada in ƙara. Na yi, biyun suka zo daidai. Banufen ya duba, ta sa hannu, direban ya tafi.

Kafin mu tashi ta kira ni ofishinta. Ta ce ta daɗe da lura cewa sinadaran suna ƙarewa da wuri tun zuwana, ta kuma san dalili. Sa'an nan ta faɗi abin da ya fi tsorata ni a duk ranar. "Da oga ya tambaye ni jiya, da na ce masa yaron yana da ilimi, amma ba zai kai ƙarshen shekara a tsaye ba. Kuskure ba ya ba ni tsoro, shi ya sa muke mu uku, wani yana duba na wani. Mai yunwa ne ba zan ba ruwan mutane ba. Akwai sauran lokaci. Ka nuna mini za ka iya riƙe kanka, sai in san abin da zan ce."

Na fita ina mamakin yadda abin da na ɗauka shi ne zai tsare mini aikin ya zama shi ne yake neman raba ni da shi.

Gyaran bai zo mini da sauƙi ba. Washegari na zauna a bencin kamar wanda aka kawo gaban alƙali, na ci shinkafar Banufen ina kallon ƙasa, shi kuma yana sanar da duk mai wucewa cewa yau yana ciyar da bawansa. Sai wata kunyar ta taso: ciyayya ba a zuwa mata hannu biyu. Ni kuwa ban iya dafa komai ba sai ruwan zafi. Na sayi risho da ƙaramar tukunya a kasuwar Karu, na buga wa mahaifiyata waya na ce ta koya mini ɗanwake. Ta lissafa mini gari da kuka da kanwa. Na ce, "Umma, kanwar giram nawa?"

Ta ce, "Giram kuma? Ka zuba daidai mana."

"Daidai ɗin nawa ne?"

"Ka jiƙa ta, ka tsiyaye ruwan, in ka ga ƙullun ya yi santsi ya kama jikinsa, ya yi. Wai kai a Abujar ba ka da ido ne?"

Ɗanwaken farko da na kai Jabi ya yi tauri. Banufen ya ɗauki ɗaya ya jefa a jikin mangwaron, ya ce a kai sauran wurin masu gini, suna neman tsakuwa. Mama ta ci nata, da ta gama ta ce yajin ya yi daɗi. Yajin kuwa mahaifiyata ce ta aiko da shi. Na biyun ya fi na farko, a hankali har ya zama in ban kawo ba sai an tambaya.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Na riƙa dafa ƙwai da yamma in ci da burodi a cikin mota da safe, abin da a da nake ganin bai dace da mai digiri ba. Na ajiye gorar ruwa a kan tagar da ke wajen ƙofa, na mayar da cire safa da wanke hannu wani ɗan hutu maimakon asara. Idan gwaji biyu suka yi daidai, nakan rufe kwalbar in miƙa wa mai dubawa, ko da zuciyata tana raɗa mini in ƙara ɗaya. Wannan ne ya fi kowanne wuya, har yanzu kuma raɗar ba ta daina zuwa ba. Wasu ranakun, maimakon in faɗa cikin cunkoson yamma ina huci, nakan taka zuwa bakin tafkin Jabi in zauna in kalli ruwan da ba wanda ya ce in gwada, har hanya ta ɗan sake. Maganin ciwon kan ya daɗe a aljihuna ban taɓa shi ba, har wanki ya narkar da shi.

Ana dab da ƙarshen watannin gwajin na yi kuskure na gaske. Wajen kwafe sakamakon wani mai ruwan leda na sauya wurin lambobi biyu. Banufen ya gano wajen dubawa, ya nuna mini da bakin biro ba tare da wasa ko ɗaya ba, na gyara a gabansa, ya kai wa Mama ya gaya mata yadda aka yi, domin haka dokar take. Ta ce, "To." Lokacin ciyayya ya yi, na ji ƙafafuna suna so su mayar da ni ɗakin in bi duk aikin makon ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Daga baya na ɗauki kulata na fita, na zauna, na ci, ko da yake ban ji ɗanɗanon komai ba. Na lura Mama ta dube ni sau ɗaya, amma ban iya karanta fuskarta ba, ba kuma zan ce na san abin da ke ranta a lokacin ba.

Bayan 'yan kwanaki oga ya zo, suka shiga ofis su biyu suka rufe ƙofa. Da ya tafi ba wanda ya ce mini komai. Sai da muka gama cin abinci, ina wanke hannu a famfon bayan gini, ta zo ta tsaya kusa da ni tana ɗauraye cokalinta. Ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Gobe ka kawo ƙananan hotuna guda biyu. Za a yi maka katin ma'aikata."

Na ce, "Mama, wato..."

"Wato ka kawo hoto. Ka rufe famfon nan, kana zubar mana da ruwa."

Na rufe. Na so in yi mata godiya irin wadda ta dace, mai tsari, amma abin da ya fito daga bakina bai wuce "Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuriya" ba. Ta ce amin ta wuce ciki. Har yau ina ganin ban biya ta ba. Ita da mataimakinta ba ilimin sinadarai suka ƙara mini ba. Zama a benci suka koya mini, da faɗin abin da jikina ke buƙata ba tare da jiran a roƙe ni ba.

Da aka tashi na nufi wani ɗan shagon hoto a bakin tasha. Mai hoton ya zaunar da ni a gaban farin ƙyalle, ya leƙa ta cikin kyamararsa, ya ɗago ya ce, "Oga, ba kotu za a kai ka ba. Sauke kafaɗar nan, ka saki fuska."

Na sauke, na saki, ya ɗauka.